Baƙin Layi Biyu a Allon Mai Sinima

Yammacin da abin ya fara ba ya da bambanci da kowane yammaci. An idar da sallar magariba, an ɗauke kwanuka, maigidan ya tara matarsa da autarsa a ɗakin kallo don su ga sabon abin da ya sayo.

Mutumin nan mai shagon fanka ne da ƙwan fitila. Shekara biyu da suka wuce ya kwashe tarkacen ɗakin ajiya, ya toshe tagar da katako, ya shafe bangon da baƙin fenti, ya rataye majigi a silin. Maƙwabta suka sa masa suna Mai Sinima, shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

Abu ɗaya ya hana shi sakat. Duk fim ɗin da ya kunna, sai baƙin layi biyu su bayyana, ɗaya a saman allo, ɗaya a ƙasa, hoton ya maƙale a tsakiya. Matarsa ta ce ita ba ta taɓa lura da su ba. Ya dube ta kamar ta ce ba ta taɓa lura da rana ba.

Maganin da ya samo shi ne wani gilashi mai nauyi da allo mai faɗi. Majigin zai fara miƙar da hoton sama da ƙasa har ya cinye baƙin layin, mutanen ciki su zama dogaye sirara kamar sanduna. Sannan a turo gilashin gaban majigin, ya ja hoton hagu da dama, kowa ya koma siffarsa, allon ya cika tam.

Ya turo gilashin, haske ya rufe allon baki ɗaya. Yana cewa, "Kun gani? Yanzu aka fara kallo," sai tsakuwa ta faɗo a kan cinyarsa. Wata ta biyo ta. Ɗakin da ba taga, ba ɓuli. Can kuma, daga wajen allon, aka ja wani dogon tsaki irin na tsofaffi.

Auta ta juyo ta dubi iyayenta, ta yi baya a hankali.

"Mama, me ya sa kuka yi tsawo haka?"

Tun daga lokacin kowa a idonta dogo ne siriri, kamar hoton da ba a turo wa gilashi ba. Ta daina cin abinci, don ta ce hannun da ke miƙo mata ba na mutum ba ne. Likita ya duba idon ya ce lafiyarsa lau. Kwana huɗu yarinya tana ramewa, kwana huɗu ubanta yana shiga ɗakin kallo da laima saboda tsakuwa, bai ko taɓa gilashin ba.

A rana ta biyar uwar ta kira wani Malam mai ruƙiyya. Ya zo bayan la'asar, ya ce a kwantar da yarinyar a ɗakin da abin ya same ta. Ya daɗe yana karatu. Jikin Auta ya sandare, bakinta ya buɗe, wata murya ta tsohuwa ta fito.

"Ya isa, Malam, na ji. Ba da kai nake ba. Ina ɗan guntun nan?"

Mai Sinima ya laɓe bayan kujera.

Malam ya ce, "Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ita kaɗai ce mai kunne a gidan. Tun ɗakin nan yana cike da tsofaffin katifu nake ciki da jikokina. Ya kwashe katifun, ban tanka ba. Ya kawo haskensa, muka matsa cikin baƙin layin nan, ni a sama, yara a ƙasa. Shekara biyu muna haƙuri da finafinansa, mota ta bi mota, mota ta fashe, shi ke nan. Yanzu ko inda zan ajiye ƙafa bai bar mini ba."

"Me kike so?"

"Ɗakin gaba ɗaya."

"Ɗakin nasa ne, ba za ki same shi ba. Kuma kin san alhakin yarinyar nan yana wuyanki."

Sannan muryar ta ce, "To, a mayar mini da layina biyu."

Sai ga kan Mai Sinima ya leƙo daga bayan kujera. "Malam, Allah gafarta, ko a bar mata na ƙasa kaɗai?"

Matarsa ta juya gaba ɗaya ta fuskance shi. "Baban Auta, 'yarka tana kwance a ƙasa kana ciniki?"

Muryar ta yi dariya har yarinyar ta sarƙe. "Bar shi, 'yata. Ni na fi ki saninsa a cikin duhu."

Mai Sinima ya hau kujera, ya kwance gilashin. Ya sauke allo mai faɗi, ya jawo tsohon daga bayan ƙofa ya rataye. Ya kunna majigi. Baƙin layi biyu suka dawo inda suke.

Auta ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallon ubanta, sannan ta ce, "Baba, ka koma gajerenka." Uwar ta rungume ta tana kuka, ta tashi ta ɗora mata ruwan shayi.

Gilashin yana nan cikin kwalinsa a saman kabad. Idan baƙi suka tambayi Mai Sinima me ya sa bai cika allonsa ba, sai ya gyara zama ya ce masana sun fi son a bar hoto yadda yake. Matarsa ba ta ƙaryata shi. Amma duk yammacin da ya sa fim ɗin motoci, mota ta farko tana fashewa, ana jin tsaki daga saman allon, shi kuwa sai ya ƙara sauti.