Mai Ƙirga a Tsohon Rumbu

Ranar Talata, tara ga Afrilu, ladanin unguwa bai gama kiran sallar magariba ba dutse na farko ya faɗo a tsakar gidan Mushe Issouf, malamin lissafi a wata lakwal, wato makarantar boko, ta garin Tahoua, inda ake ce wa malamin boko Mushe. Matarsa Hajaratu tana kwashe tuwo. Dutsen ya fasa kwanon miya. Ta miƙe tana zagin yaran maƙwabta, ta leƙa lungu, ba ta ga kowa ba. Na biyu ya faɗo tana tsaye, da ta ɗauka a tafin hannunta ta ji zafinsa kamar an ciro shi daga murhu.

Kwana arba'in kafin nan Mushe Issouf ya shigo da wata ƙaramar kwamfuta, allo ɗaya tal, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, ba ta da ko murfi. Da ita ya yi niyyar koya wa ɗalibansa rubuta umarnin na'ura, amma ya fara gwaji a gida tare da ɗiyarsa Zuhura, mai shekara goma sha shida, wadda ta riga shi gane kan abin. Suka haɗa allon da fanon rana mai ba da wuta da batir, suka ɗaura masa ma'aunin zafi da wani ido mai jin motsi. Suna son sanin abin da ke ruɓar da albasa a ajiya, don haka suka zuba buhu uku a tsohon rumbun ƙasa na bayan gida, wanda ba a buɗe ba tun rasuwar kakar Zuhura, suka rataye allon a ciki. Kowane minti ɗaya ƴar fitila ja ta ƙifta, na'urar ta rubuta abin da ta ji.

Lambobin suka zo da abin da Mushe bai nema ba. Kullum da faɗuwar rana zafin rumbun yakan sauka daga arba'in da ɗaya zuwa goma sha tara cikin minti biyu, idon motsin ya rubuta fita sau biyar. Bayan isha'i ya rubuta shiga sau biyar, zafin ya koma. Mushe ya zana wannan a babban allon aji, da ranaku da sa'o'i, ya ce wa ɗalibai sittin su nemo dalili.

Jifan ya yi kwana shida, kullum a lokaci guda. A rana ta bakwai Zuhura ta dawo daga zagawa da buta a hannu, ta tsaya a gaban rumbun, ta ƙi motsi. Da uwarta ta taɓa ta sai ta juyo, idanunta a kafe, ta fara ƙirga da wata murya mai kauri ta tsohuwar mace. Ɗaya, biyu, uku, har sittin, sannan ta ƙifta ido sau ɗaya, ta koma farko. Haka ta kwana biyu, ba ci, ba barci, leɓɓanta suka tsage.

"Ka hidda abin nan daga rumbu," in ji Hajaratu.

"Waya ce da batir. Mi waya za ta yi wa mutum?"

"To ka tambayi wayar ina ɗiyata take!"

Mushe ya shiga ya cire batirin da fushi. A take Zuhura ta faɗi tana shure-shure, numfashinta yana sarƙewa, bai daidaita ba sai da ya mayar da batirin. Daga nan bai ƙara gardama ba. Ya hau babur ya tafi Bambeye, ya ɗauko Malam Muktari, dattijon da aka sani da karatu a kan masu irin wannan ciwo.

Malam ya iso bayan la'asar. Ya zauna a tabarma kusa da yarinyar, ya yi ta karatu a hankali har inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Kaji suka shige akurki. Unguwar ta yi tsit. Sai ƙirgan ya tsaya a talatin da bakwai.

"Wa ke nan?" in ji Malam.

"Wadda ta riga su zama."

"Baiwar Allah, mi yarinya ta yi miki?"

Kan Zuhura ya juya wajen ubanta, muryar ta fito da huci. "Tambayi wancan mai alli. Shekara saba'in ina rumbun ga da ɗiyana huɗu. Tsohuwar gidan ta san da ni. Magariba in ta yi sai ta kira yara ɗaka, ta ruhe tukwane, ta bar mini hili. Ban taɓa ɗaukar mata ko ƙwayar hatsi ba. Shi ko ya rataye mini ido a bisa kai, idon da ba ya barci, ba ya jin kunya. Ya rubuta hitata, ya rubuta shigata, ya kai gaban yara sittin suna dariya. Wace mace za a yi wa haka?"

"Ban san da ke ba!" Mushe ya daka tsawa, jijiyoyin wuyansa a miƙe. "Albasa nike aunawa. In laihi ne nawa ne. Don mi za ki kama yarinya?"

"Hannunta ne ya koya wa abin ƙirga. To ta ɗanɗana. Ta ƙirga kamar shi, kar ta runtsa kamar shi. In kun kashe shi, ita ma ta tsaya."

Malam Muktari ya ɗaga wa Mushe hannu alamar ya dakata. "An ci mutuncinki, na yarda. Amma kin rama fiye da abin da aka yi miki, kuma Allah da ya halicce ki zai tambaye ki. Faɗi abin da kike so."

"A shahe abin da aka rubuta, duka. Kuma idon ya koyi kawar da kai daga magariba zuwa isha'i, yadda mutanen kirki ke yi."

Malam ya dubi Mushe. Mutumin da bai taɓa yaga ko shafi ɗaya daga littafinsa ba ya cije leɓe har ya yi jini. "Zan shahe," ya ce. "Amma na biyun ban iya ba. Ita ta rubuta umarnin, ban san inda ta sa sa'o'in ba."

"Kin ji," in ji Malam. "Abin da kike nema yana kan yarinyar da kika danne. In ba ki sake ta ba, har abada idon nan yana kanki."

Muryar ta yi gunaguni, ta zagi Mushe, ta zagi allinsa, ta nemi ya rantse. Ya rantse. Zuhura ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta zube a cinyar uwarta.

Da ta buɗe ido ba ta nemi ruwa ba. Ta dubi ubanta da wani irin kallo mai zafi, ta ce da muryarta da ta dushe, "Baba, kawo madannin kwamfutar."

Ya kawo, ya durƙusa yana riƙe mata ƙaramin gilashin da rubutun ke fitowa. Sau biyu tana kuskure tana gogewa. Ta ƙara layi huɗu a umarnin. Sannan ta tura masa madannin, ta nuna masa inda bayanan kwana arba'in da tara suke.

"Wannan kai za ka danna."

Ya danna.

Su huɗu suka zauna suna kallon ƙofar rumbun. Magariba na yi, jar fitilar ta ƙifta sau ɗaya, minti ya cika, ba ta sake ƙiftawa ba. Hajaratu ta kama hannun ɗiyarta ta ja ta zuwa ɗaki, Malam ya bi bayansu, Mushe ya shigo a ƙarshe ya sauke labule. Ba wanda ya leƙa. Daga tsakar gida suka ji tafiya a kan yashi, a hankali, babba ɗaya a gaba da ƙanana huɗu a baya.