Mai Wanki a Bakin Bututu

Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ni na dasa na'urar auna tsabtar ruwa a madatsar da duk gari ke sha, na kafa kyamara a samanta, komai na zuwa kwamfutar ofis kai tsaye. Sati guda cur, kullum da magariba ta gabato sai na'urar ta hau kuka, wai ruwa ya gurɓace. Kyamara kuwa ta nuna shi garau. Dokar ofishinmu, in su biyun suka saɓa, kyamara ake gaskatawa. Manaja ya ce aikin banza na yi, in je in goge na'urar ko in ajiye masa aikinsa.

Na hau babur ina huci.

Na isa rana na faɗuwa. Kwaɗi sun yi tsit. Wani wari ya tare ni, kamar naman da ya kwana uku a firji ba wuta. A bakin bututun da ke zuƙar ruwa zuwa gari, wata tsohuwa ta durƙusa tana wanke farin ƙyalle. Duk matsa ɗaya, wani baƙin abu mai kauri ke tsiyaya.

"Iya, ba ki da imani ne? Ruwan shan mutane ne fa."

Ko waigowa ba ta yi ba. Na kira Dogo a waya, abokin aikina da ke zaune gaban kwamfutar ofis.

"Ga mai ɓata mana ruwa. Ka gan ta?"

"Ban ga kowa ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kai ma ban gan ka ba."

Ina tsaye daidai gaban kyamarar.

Tsohuwar ta janyo ƙyallen. Ya ƙi ƙarewa. Sai ga ƙafar mutum ta leƙo daga cikinsa, sanye da takalmin aikina.

"Saura kaɗan," ta ce. "Matso ka riƙe min."

Ƙafafuna suka kama tafiya da kansu zuwa cikin ruwan.

Ruwa ya kai min gwiwa.

Na cafki ƙarfen kyamarar ina salati, na fizge kaina da ƙyar. Na ruga ɗakin inji, na kashe mai tura ruwa gari.

Washegari manaja ya kunna bidiyon: ruwa garau, ba tsohuwa, ba ni. Marar mutuncin nan ya kira ni mahaukaci, ya kore ni, ya sa aka cire na'urar, aka ta da inji.

A gidana na hana kowa taɓa ruwan famfo. Jiya na je ɗauko 'yata a makaranta, na hango ta ta kafa baki a famfonsu. Kafin in ƙarasa, ta haɗiye.