Amaryar da Ta Rufe Ramin Dukhan

"Wai ita matar Yaya Salahuddin, yaushe rabonta da hawa ramin dukhan?"

Nahla na tsugune a bayan kicin tana tsintar shinkafa ta jiyo tambayar daga bakin Wafa'a, ƙanwar mijinta. A kan ramin nan ne matan aure ke zama su turara jiki da hayaƙi.

"Wata huɗu cur!" in ji surukarta, Hajja Zuwaira. "Mace ba ƙamshin hayaƙin itacen talha a jikinta, ɗaki ba turare, kamar shagon taya! Kaf Omdurman wa ke da suruka irin tawa?"

Hawaye ya ɗiga cikin tiren. Da hannunta ta cike ramin da ƙasa, ranar da ta fito tana ƙamshi, ta ga Salahuddin ya dafe bango, ƙirjinsa na fito, leɓensa ya yi duhu. Likita a Khartoum ya ce asma ce. Ya rubuta masa bakhak, maganin da ake shaƙa, safe da yamma kullum, ko da lafiyarsa lau, kuma hayaƙi kada ya kusance shi.

A motar dawowa daga kasuwar Suk al-Arabi ya riƙe hannunta. "Kada Yumma ta ji. Da bakhak a hannu Abba ya rasu, har gobe cewa take shi ya cinye masa huhu. In ta gani masai za ta jefa shi, ta ɗaure ni da rantsuwa."

Sai Nahla ta ɓoye shi cikin tulun turarenta da ta wanke tas. Kowace safiya kafin ya fita kasuwar Suk al-Shabi, da yamma in ya dawo, takan tura ƙofa, ta miƙa masa, ya shaƙa, ya riƙe numfashi tana ƙirga goma da yatsu, ya kurkure baki.

Ranar Juma'a Hajja ta tara su.

"Ya waladi, ɗana, ko ta buɗe ramin nan, ko ta koma gidansu. Khalas, magana ta ƙare!"

Nahla ta dubi Salahuddin ta gefen mayafi. Kalma ɗaya za ta wanke ta. Ya sunkuyar da kai, can ya ɗago.

"Yumma, ni na hana ta. Ba na son ƙamshin, kuma ba inda za ta."

"Ta shanye shi!" Wafa'a ta tafa hannu.

Hajja ta yi tsaki. "Ka gode wa Allah da man riɗin da nake shafa maka a ƙirji. Dubi yadda tarin ya tafi! Da ta wannan ce, da tuni ka bi ubanka."

Nahla ta ɗan rusuna. "Allah ya saka da alheri, Yumma."

Da la'asar ta hango shi ya ɗauko buhun gawayi tun daga bakin titi, yana tafe yana waƙa, ko haki babu. Ladan haƙurinta ke nan: ba yabo, ba godiya, sai miji mai numfashi. Wata soyayyar da zagi ake biyanta, mai yin ta kaɗai ya san nauyinta.

Gobe mahaifiyarta za ta zo jin ba'asi. Nahla ta mayar da murfin tulun, ta danna shi sosai. Ko ita ba za ta faɗa wa ba.