Ayaba a Goshin Mandazi

"Wayyo Allah, za ta kashe shi! Barasa, raba su!" na kurma ihu.

Gashi ne kawai ke tashi a kejin. Sukari, zomanyata mai shekara huɗu, ta danne Mandazi, sabon zomon da saurayina Barasa ya kawo min kyauta, tana ta gasa masa cizo.

Laifina ne. Murna ce ta kwashe ni na jefa shi ɗakinta kai tsaye.

Barasa ya cafko shi da tawul. Mama kuwa tana bakin kicin, ta riƙe ƙugu. Wata uku ke nan ba ta amsa gaisuwarsa, wai ɗan Kakamega ba zai iya da 'yar Nakuru ba.

"Kin gani ko, Nyokabi? Dabba ma ta san nata! Ranar da waɗannan biyun suka kwana keji ɗaya, na ba shi ke. In sun ƙi, ya kwashi zomonsa da soyayyarsa ya ƙara gaba."

Hawaye suka zubo min. Ina son Barasa, son da ko ɓoye shi ban iya ba.

"Share hawayenki, 'yar lelena," ya ce a hankali. "Ba ƙiyayya ba ce, gidanta take karewa. Mu sa su a kwando ɗaya in zaga da su a tuktuk ɗina. Tsoro zai sa su manne wa juna."

"Ku biyu kaɗai? Ba da 'yata ba!" in ji Mama. "Ni zan riƙe kwandon."

Ɗan duniya sai ya kwashe mu a babur ɗin nasa mai ƙafa uku, ya bi da mu ta hanyar bayan kasuwa, wadda ramukanta sun fi kwaltarta yawa. Kafin mu kai injin niƙa, zomayen sun cure wuri guda, Mama kuma ta damƙe masa riga ta baya.

"A hankali, ɗana! Ɗana, a hankali mana!"

Ɗana?...

Na cusa fuskata a gyale don kar dariya ta tona ni.

A wani fili da ba na Sukari ba, ba na Mandazi ba, ya sauke su. Ya dama ayaba da yatsa ya shafa a goshin Mandazi. Sukari ta shinshina, ta ja baya, ta dawo... sai ga ta tana lasar kansa!

"A wurinsu, wanda aka lasar wa kai an karɓe shi," in ji Barasa.

"Kwaɗayi dai," Mama ta ce, tana taɓe baki.

Kwana tara muna wannan zirga-zirga, kullum ita ce ke fara ɗaura ɗankwali. A safiya ta goma ta same su a keji ɗaya, Sukari ta yi matashi da wuyan Mandazi.

Da Barasa ya iso, da kanta ta zuba masa shayi, har da ƙarin madara.

"Kai ma irin ta zomonka ka yi min," ta ce. "Ka faɗo min gida kai tsaye, ba manya, ba komai. Turo su ranar Asabar. Amma a gidan Gwaggo Wamaitha za a zauna. A nan gidan ina iya cizo."

Barasa ya durƙusa yana godiya. Ni kuwa na faɗa jikinta ina kuka ina dariya.

"Ke, ɗaga ni!" ta ce. "Kai kuma ɗana, ka gaya musu su taho da ayaba."