Abin da Almakashi Ya Yanke

Ta fito daga ɗakin kallo fuskarta a murtuke, takalminta na mannewa da lemon da wani ya zubar a ƙasa. Kai tsaye ta nufi tagar mai sayar da tikiti.

"Malam, a allonku kun rubuta cikakken fim ne, yadda darakta ya tsara shi. Wannan da kuka nuna mana guntu ne. Ina wurin da jarumin ya je kabarin ƙanwarsa?"

Mai tikiti ya ɗage kafaɗa. A bayanta wani ya kece da dariya.

"Ki gode wa Allah, Malama, taimakonki suka yi. Wancan dogon ai sai mutum ya zo da filo."

Ta juyo. Dogon saurayi ne mai tabarau, da gugguru a hannu, yana tauna kamar an biya shi.

"Da kai nake?"

"A'a, amma kin taɓo sana'ata. Ina da shiri a intanet, ina jera 'yan wasa daga gwani zuwa ɗan cika wuri."

"To cikin mutum ukun da suka taɓa fitowa a matsayin jarumin nan, Mai Fuskar Tagulla, wa ka sa a gaba?"

"Mai ƙwanjin nan mana. Sai tsohon, sai siririn can sarkin kuka."

"Tir!" ta ce. "Ka juya jerin, sannan ka nemi wata sana'ar."

Har bakin titi suna musu. Motar hayar da za ta hau ta zo ta wuce, ba ta ma lura ba. Kafin su rabu suka karɓi lambar juna, musun ya koma waya.

Ita ma'aikaciyar gwajin jini ce a wani asibiti, ta yi karatunta da guminta, kuma ba ta iya yin shiru idan aka faɗi abin da ba daidai ba. Ya sa mata suna 'Yar Gardama. Ita kuma ta sa masa Almakashi, don komai ya gani sai ya ce a rage masa tsawo.

"'Yar Gardama, yau na ga akuya ta tsaya a tsakiyar titi, motoci na hon, ta ƙi motsi. Sai na tuna ki."

"Da kai ne ai da ka yanke titin, Almakashi."

"Duk abin da ya yi tsawo gundurata yake yi. Ban da hirarki. Ita ban san inda zan sa almakashi ba."

Ta karanta wannan a tsaye gaban injin gwaji, ta kife wayar, amma murmushin ya ƙi ɓoyuwa.

Da maganar aure ta taso, babanta, tsohon direban jirgin ƙasa, bai ga abin murmushi ba.

"Uwata, ƙato ya zauna yana gardama a kan maza masu rufe fuska suna tsalle daga bene, shi ne aiki?"

"Yana ci da kansa, Baba, kuma ba ya zaluntar kowa."

Da ƙyar, da sa bakin yayarta, Baba ya ce manyansa su zo a gaisa.

Ana cikin wannan Almakashi ya roƙe ta ta shigo shirinsa su yi musun a gaban kyamara. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, an lulluɓe bangonsa da soso, sai warin zufa da wayoyi a ƙasa. Mai ɗaukar hoton da tacewa abokinsa ne tun na makaranta, edita. Shi ne ya taɓa tare ta a matakala yana cewa, "Ki rabu da mai surutun nan, ni ne mai aikin." Ta ce masa ya matsa, turarensa na tayar mata da zuciya.

Ranar ta yi wa Almakashi kaca-kaca. Ya tambaye ta me ya sa mata ke son mai ƙwanji, sai ta canza murya tana kwaikwayo: "Ni dai a ba ni ƙirji da damtse, ko babu ƙwaƙwalwa!" Sannan ta dawo muryarta. "Haka kuke zaton muna cewa. Wannan tunanin ƙyama yake ba ni. Siririn ne ɗan wasa, amma kun yanke duk inda ya nuna gwanintarsa. Faɗa mini, me ya ce a bakin kabarin ƙanwarsa?"

Almakashi ya gyara tabarau. Ya yi tari. Daga ƙarshe ya sunkuyar da kai.

"Gaskiya ban taɓa kai wa wurin ba. Barci nake yi."

"Shekaru kana zagin fim ɗin da ba ka gama kalla ba?"

"Za a yanke nan, ko?" ya tambayi edita, kowa ya yi dariya.

An kuwa yanke. Abin da edita ya saki ɗan guntu ne: fuskarta cike da allo, tana cewa a ba ta ƙirji da damtse ko babu ƙwaƙwalwa, an maimaita, an sa kiɗa a ƙasa.

Kafin ta tashi daga aiki ya zagaye gari. Ta kira Almakashi.

"Ka gani?"

"Na gani, masoyiya. Talla ce kawai, jibi an manta. Kin ga yawan masu kallo kuwa?"

Ta kashe wayar.

Ba a manta ba. Maza da ba ta sani ba suka cika mata waya da hotunan jikinsu. A wurin aiki, wani magidanci ya zo a ɗibi jininsa, ya naɗe hannun riga, ya murɗa damtse yana washe baki.

"Ga shi nan, Malama, ko bai isa ba?"

Ta ɗaure masa hannu, ta nemi jijiya, ta ɗibi jinin ba tare da ta ji masa ciwo ba, ta ce, "Na gaba." Sai da ta shiga banɗaki ta wanke hannu har ya yi ja.

Umman Almakashi ta aiko cewa zuwan manya ya fasu, ita ba za ta haɗa zuri'a da mai irin wannan baki ba. Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo kenan.

"Uwata, ki ɗauki hutu har ƙurar ta lafa."

"Ban yi abin kunya ba, Baba. Wanda ya yi shi ya ɓuya."

Kullum ta goge farar rigarta ta fita, kanta a sama. Saƙonninsa na shigowa, ba ta buɗewa. Da suka ishe ta, ta rubuta masa guda ɗaya:

"Ba na son ban haƙuri. Ka saki hirar gaba ɗayanta, daga sallama zuwa sallama, har da inda ka ce barci kake yi. In ba za ka iya ba, ka goge lambata."

Ta san abin da ta nema. Mai jera 'yan wasa da aka ji da bakinsa cewa ba ya gama kallo, wa zai ƙara saurarensa? Edita ma ya gaya masa haka, ya ce shirin zai mutu a kan mace.

Kwanaki suka shuɗe har ta fara cire rai.

Wata ranar hutu da hantsi aka yi sallama. Almakashi ne, ya rame, da kwamfuta a hammata, Ummansa a bayansa tana cin magani.

"Baba, na riga na saki cikakkiyar hirar duniya ta gani. Na kuma raba gari da editan. Amma ina so ku ma ku gani da idonku."

Aka zauna a falo. Ita ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a harɗe. Da farkon hirar ya yi tsawo, Almakashi ya kai yatsa zai tura gaba. Baba ya buge hannun.

"Ban taɓa tsallake tasha a aikina ba. Bar shi ya tafi."

Suka ji kwaikwayon, suka ji abin da ya biyo baya. Suka ga saurayi yana gyara tabarau yana tari. Da ya ce barci yake yi, Umma ta tafa hannu.

"Innalillahi! Ashe kai ne abin kunyar, ka bar 'yar mutane tana ɗauka!" Ta juya wajen ƙofa, muryarta ta sauka. "'Yata, zo nan kusa da ni. Ki yafe mini."

Ta zo, ta durƙusa ta gaishe ta. Hawayen da ta hana zuba a gaban kowa, a kafaɗar Umma suka zuba.

Masu kallonsa da yawa sun watse. Waɗanda suka rage suka koma kiransa Mai Filo. Da yamma ya rubuto:

"Na ga yawan masu kallo na manta da mutum. Ko ba ki dawo ba, gara da na saki hirar."

"Saura abu ɗaya," ta amsa. "Za ka kalli dogon fim ɗin, ido biyu, Baba na gadinka."

Ya kalla. Da siririn jarumin ya cire fuskar tagulla a bakin kabari ya fara yi wa ƙanwarsa magana, sai Almakashi ya cire tabarau yana goge ido.

"Siririn ya hau na biyu," ya ce.

"Na ɗaya."

"Haba, 'Yar Gardama, ki bar ni da ɗan mutuncina."

"Duk ku yi mini shiru," in ji Baba. "Tsohon ya fi su."

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannayensu ya yi addu'a, Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya tsare su daga bakin duniya. Umma ta fi kowa ɗaga murya wurin cewa amin.

Bayan biki mai bidiyo ya kira ango. Akwai inda ya yi tuntuɓe da wayar lasifika, da inda amarya ke musu da mai hoto, a cire?

Almakashi ya dubi matarsa. Ta ɗaga gira tana jira.

"Kada ka taɓa komai," ya ce. "Kawo mana shi yadda yake."