Ɗango na Tara

A motar Kano zuwa Wudil Hashimu ya fara ganin Lubabatu, yau shekara tara. Tana duban takarda, tana ƙirga da yatsu.

"Gaɓa sha biyu ce," in ji shi. "Shida, ki numfasa, sai shida."

Ta harare shi. "Malam, wa ya tambaye ka?"

Watansa biyu da dawowa daga karatu a Faransa. Ita kuwa jarrabawa ce gabanta, kan karin waƙar Faransanci. Kafin su haye gada ya nuna mata amsa-amon: ɗango na ɗaya da na huɗu sun rungume biyun tsakiya.

"Har waƙarsu ba ta da kunya," ta ce.

Bayan damina ya aika mata saƙo: "Ɗalibata, na ba ƙawarki waƙa, ɗango sha huɗu. Duba ko na ci."

Ta amsa: "Malamina, Baba ya riga ni gani. Ya ce ka zo Juma'a."

Mahaifinta, Malam Ɗayyabu na Indabo, manomi ne, yana rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami. Sanusi ɗan amininsa yake so wa 'yarsa. A ganinsa, wanda ya daɗe a ƙasar wasu ba ya sanin girman na gida.

Da la'asar, a zaure, ya miƙa wa Hashimu takardar. "Karanta."

Da Faransanci take, Malam bai ji ko kalma ba, sai buga gwiwa yake da yatsa.

"Sake na tara."

Hashimu ya sake.

"Duk sha biyu-sha biyu, wannan sha uku. Karatun ke nan?"

"Nan sunanta yake, Baba. Da na ce Lubaba, da ya zauna daidai."

"Me ya hana?"

"Kai ka raɗa mata shi. Ba ni da hurumin rage shi."

Malam ya miƙa hannu ya karɓi takardar.

"Sunan mahaifiyata ne," ya ce. "Turo magabatanka."

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Malam ya dafa kansu: "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya rufa asiri."

Bara Malam Ɗayyabu ya rasu. Takardar na nan cikin akwatin Lubabatu. A gefen ɗango na tara akwai ajaminsa, tawadar ta soma koɗewa: "A bar shi haka."