Hansai Mai Baki Uku

Ranar sadakar bakwai ta mahaifinta aka fizge muciya daga hannun Hansai. Tana durƙushe gaban murhu tana tuƙa tuwon da za a raba wa masu gaisuwa, hayaƙi da hawaye sun haɗu sun rine mata idanu, sai ƙanin mahaifin nata, Baba Sabo, ya faɗo cikin gida kamar an jefo shi. "Ke! Wa ya ba ki izinin taɓa abincin sadaka? So kike ki hana ɗan'uwana samun lada a kabarinsa? Hannun jikar Arna ba ya shiga tukunyar Musulmi!" Hansai ta ɗago kai ta dube shi. "Baba... ni ce fa, Hansai. Ni nake dafa masa abinci tun ina ƙarama..." Ya hankaɗa ta, ta faɗi cikin toka. Matan unguwa suna zaune cike da tsakar gida, amma babu wadda ta tashi ta ɗaga ta.

A wancan zamani, da tutar jihadi ba ta daɗe da kafuwa a ƙasar Katsina ba, mutanen yankin Ƙarfi kashi uku ne. Cikin gari Hausawa masu sallah, ƙetaren rafi gidajen Maguzawa masu noma da tsafin gado, can bakin daji kuma rugagen Fulani. Kasuwa ke haɗa su, faɗuwar rana ta raba su. Marigayi Abdussamad manomin cikin gari ne, ya ga wata Bamagujiya ya so ta, ta musulunta aka sa mata suna Mero, aka ɗaura aure a gaban jama'a. Allah bai yi mata tsawon kwana ba, wajen haihuwar Hansai ta cika, ko ɗigon nono ba ta ba jaririyar ba. Wata Bafillatana mai tallar nono, Inna Shafa'atu, ita ta tausaya ta ɗauke ta zuwa ruga ta shayar da ita, ba ta dawo gidan ubanta ba sai da ta fara famfara. Da kaka kuma uban yakan kai ta ƙetaren rafi ta yi kwanaki wurin kakarta. Shi ya sa bakin Hansai ya tashi da Hausar gari, da karin maganar Maguzawa, in kuwa tsoro ko kuka ya kama ta sai Fillanci ya suɓuce mata. Uban yakan yi dariya ya ce, "Ɗiyata mai baki uku!" Wayyo! Ashe abin da ya sa uba dariya shi zai zama wuƙar yanka ta.

Sabo ba addini ne ya dame shi ba, gonar auduga da rumbunan dawa da wansa ya bari su ne suka tsone masa ido. Ya kwashe iyalinsa ya tare a gidan, ya mayar da Hansai rumfar awaki. Ita ce daka, ita ce ɗebo ruwa, ita ce itace, abincinta ƙanzo. In ta je rijiya sai mata su janye gugansu. In ta shimfiɗa ɗankwali za ta yi sallah sai 'ya'yan Sabo su kewaye ta suna tafi, "Bamagujiya na dungure! Bamagujiya na dungure!" Ranar da ta roƙi a bar mata allon da ubanta ya koya mata karatu da shi, Sabo ya karya shi a gwiwa ya jefa a murhu, ya nuna mata ƙofa. "Tafi wurin danginki na ƙetare, can ne gidanku!"

Ta ƙetare rafi da sassafe, ƙafa ba takalmi, ta iske ana bikin kaka a gidan kakanninta. An yanka baƙin bunsuru domin Uwar Gona, iskar da suke bauta wa, tulunan giya sun jeru, ganga na tashi. Kakarta, wadda kowa ke kira Tsohuwa, ta shafa fuskar Hansai da hannu, don idanunta sun dushe, ta rungume ta suka yi ta kuka. Amma da azahar ta yi, Hansai ta nemi ruwan alwala, aka miƙo mata nama ta sunkuyar da kai ta ce ba za ta iya ci ba, sai Kawu Nomau, wan mahaifiyarta, ya dangwarar da ƙwaryar giyarsa. "Kun gani ko? Halin uwarta ke nan! Ta raina abincinmu, ta raina abin da kakanninmu suka bauta wa. Ke Bahaushiya ce, 'yar masu sallah, me ya kawo ki gidan da kike ƙyama?" Hansai ta ce, "Kawu, wallahi ba ƙyama ba ce... can sun ce ni taku ce..." Ya ce, "To nan mun ce ke tasu ce!" Tsohuwa ta yi roƙo har muryarta ta dishe, amma gidan a hannun maza yake. Abin da ta iya kawai, ta ƙulla mata garin gero a bakin zane.

Sai ta nufi ruga, zuciyarta na ce mata ai nonon da ta sha ba zai ƙi ta ba. Ta iske bukkokin da ta sani sun zama kufai, Inna Shafa'atu sun yi ƙaura da shanu wajen Zazzau tun bara. Wasu baƙin Fulani ne a gefe. Ta gaishe su da Fillanci tsantsa, matan suka kalli juna suka tuntsire da dariya. "Ikon Allah! Kaɗo da bakinmu!" Kaɗo kuwa shi ne sunan da suke kiran duk wanda ba nasu ba. Suka ba ta nono ta sha, suka ce ta koma wurin mutanenta tun rana ba ta yi zafi ba. Hansai ta zauna gindin wata ɗorawa, kanta na juyawa. A gari Bamagujiya, a ƙetare Bahaushiya, a ruga Kaɗo... to ita ɗin mece ce? Ta ɗaga hannu sama, hawaye na zuba cikin tafinta. "Ya Allah, kai ka halicce ni, kai ka san ko ni wace ce. In babu inda ka rubuta mini a bayan ƙasa, ka ɗauke ni ka kai ni wurin iyayena!"

Da yunwa ta ci ƙarfinta ta koma gida. Abin mamaki, Sabo ya tarbe ta da fara'a, har da ba ta fura. Baiwar Allah ta ɗauka zuciyarsa ce ta yi sanyi, ta durƙusa tana godiya. Washegari ya ɗora mata ƙunshin auduga ya ce ta kai wa wani bafatake mai suna Mati a zango. Tana sauke kayan sai ta ji igiya a wuyanta! Ashe Sabo ya sayar da ita, ya karɓi jakuna da gishiri, ya ce baiwa ce da wansa ya bari. "Baba! Baba Sabo! Me na yi maka? Jama'a ku taimake ni!" Maƙwabtan da suka ga tashinta suna tsaye a bakin hanya, Rabe da Mudi da sauransu, kowa ya kau da kai, domin babu wanda ba ya cin dawar Sabo in damina ta yi tsanani.

Ayari ya kama hanyar Danja. Da la'asar aka tsaya hutawa, Mati ya hangi yarinyar ta buga tafi a ƙasa ta yi taimama, da igiyar a wuyanta ta fuskanci gabas tana karatu tiryan-tiryan, kuka na sarƙe ta. Da ta idar ya matso ya ce, "Yarinya, wa ya koya miki wannan?" Ta ce, "Babana." Ya ce, "Ubangijinki dai?" Ta ce, "Babana da ya haife ni." Mati ya dafe kai. "Innalillahi! In 'ya ce na saya, ina zan sa kaina ranar gobe?" Suna shiga Danja bai sauke kaya ba ya wuce da ita zauren alƙali, aka aika a kira Sabo da mutanen unguwarsu.

Ranar kasuwa aka zauna, zaure ya cika har waje. Sabo ya gyara babbar riga ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan ba jininmu ba ce. Ɗiyar wana ta bi uwarta tun cikin tsumma, wannan sayo ta ya yi don ta ɗebe masa kewa. A saurari bakinta mana! Kashi na Arna, kashi na Fulani, kashi namu. Ɗa baki ɗaya gare shi, na ubansa. Wanda ya ratsa hannu uku shi ke da baki uku!" Mutane suka fara gyaɗa kai. Alƙali ya juya ga Hansai. "Ke yarinya, faɗa mini, ke wace ce?" Ta buɗe baki, maganar ta harɗe, Hausa da Fillanci suka cakuɗe. "Allah ya gafarta Malam... ban sani ba... wallahi ban sani ba kuma! Da na ɗauka ni ɗiyar Abdussamad ce. Duk inda na je sai a ce ba nan ba ne. Ko dai gaskiyar Baba ce? Ko mafarki na yi na yi uba?" Ta kife tana shessheƙa. Alƙali ya dubi mutanen Ƙarfi ya nemi mai shaida, kowa ya zuba wa ƙasa ido.

Ana cikin haka sai aka ji hayaniya a ƙofa. Tsohuwa ce! Labari ya ƙetare rafi, ta rantse in ba a kai ta ba za ta tafi da rarrafe, dole Nomau ya ɗora ta a jaki. Ta shigo tana lalube da sanda. "Ina jikata? Na rantse da Aradu, ni na yanke cibiyar yarinyar nan, a kan cinyata uwarta ta cika!" Sabo ya yi murmushi. "Allah ya gafarta Malam, yaushe aka fara karɓar shaidar wadda ba ta sallah a kan Musulmi?" Alƙali ya sunkuyar da kai, domin ya san haka shari'a ta ce. Hansai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta haɗiye ta.

Tsohuwa ba ta fita ba. Ta juya makafin idanunta wajen mazan Ƙarfi. "To, tawa ba ta ci. Amma ina jin numfashinku. Rabe, kana nan? Ba kai ka zo gidana neman auren Mero wa abokinka ba? Mudi, ba kai ka riƙe ragon sunan yarinyar nan ba? Ni da ba na sa goshi a ƙasa na taso da tsufana don in faɗi gaskiya, ku da kuke dungurawa dare da rana kun haɗiye harshe saboda dawa? Wanda kuke wa sallar, kurma ne?" Sai Rabe ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, ya miƙe. "Astagfirullah! Ɗiyar Abdussamad ce, a gabana aka raɗa mata suna, ba ta taɓa mutuwa ba, ba a taɓa sayenta ba!" Mudi ya miƙe shi ma, wani ya bi, wani ya bi, har Sabo ya rasa inda zai sa idonsa. Gumi ya jiƙe masa riga, ya zube yana tuba, amma bakin alƙalami ya bushe.

Aka tsinke igiyar wuyan Hansai a gaban jama'a. Alƙali ya sa aka yi wa Sabo bulala a tsakiyar kasuwa, aka zaga da shi ana shelar cewa ga wanda ya sayar da ɗiyar ɗan'uwansa. Rabon gadonsa da nasa rumbunan suka tafi wajen mayar wa Mati dukiyarsa, kunya ta hana shi kwana a Ƙarfi, ya bi duniya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Hansai kuwa aka danƙa mata rabonta na gona da gida. Kafin ta fita ta durƙusa ta ce, "Allah ya gafarta Malam, har yanzu ban sani ba... ni ta wane ɓangare ce?" Alƙali ya share ƙwalla da gefen rawani. "Ɗiyata, addininki na ubanki ne, jininki ya ratsa gidan wannan tsohuwa, nonon Fulani ya gina ƙashinki. Babu wanda ya isa ya ƙwace miki ko ɗaya."

Nomau ya matso, kai a sunkuye, ya kama hannunta ya ce, "Ki yafe wa kawunki." Ta yafe. Tsohuwa ta ƙi komawa ƙetare, ta tare wurin jikarta, Hansai ta riƙe ta da gata har ƙarshen ranta, ba ta taɓa tilasta mata komai ba. Gonar ta yi albarka, matan da suka janye mata guga suka dawo suna neman iri a ƙofarta, ba ta hana kowa ba. Haƙuri dai ɗaci gare shi a baki, amma wanda ya iya haɗiye shi ba ya kwana da yunwa.